Sayen Nagari Mayar Da Kuɗi Gida: Yadda Za Ki Zaɓar Wa 'Yarki Idon Kyamara Mai Kyau Ba Tare Da An Cuce Ki Ba

Uwargida, idan kin lura da bukukuwan da ake yi yanzu a Anka, Gummi da Bukkuyum, za ki ga hoto ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake ware wa kuɗi tun kafin a sa rana. Ranar lalle ana son hoto, ranar kamu ana so, haka walima, suna da saukar karatu. Sai dai gidaje da yawa ba sa yarda namiji ya shigo tsakiyar mata da kyamara a wuya, alhali an ajiye mayafai ana kwalliya. Mace mai hoto kuwa ba ta da yawa a garuruwanmu. Kira daga Gusau ko Sakkwato na nufin kuɗin mota, masauki, da fargabar hanya, wadda ba sai an yi miki bayaninta ba.

A nan ne 'yarki da ke zaune a gida bayan ta gama sakandare, ko ƙanwarki, ko ke da kanki, za ku iya samun abin yi mai tsafta a cikin gari. Ba sabon abu ba ne ga matan Arewa. Aisha Augie, 'yar asalin Argungu a maƙwabciyarmu Kebbi, ta yi suna a ƙasar nan da wajenta ta hanyar kyamara. Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara sanya hotunan rayuwar mutanen garinta a Instagram a 2015 da sunan Bits of Borno, har jaridun duniya suka san da ita.

Inda ake yawan yin asara shi ne wurin sayayya. Uwa ta kwashi adashe, ko ta sayar da tunkiya, ko ta kai ɗan kunnenta na gwal kasuwa, a sayo kyamara baƙa ƙatuwa mai ban sha'awa, amma hoton ya fito dishi-dishi kamar na tsohuwar waya. Sau da yawa laifin ba na kyamarar ba ne. Na gilashin da ke gabanta ne.

Jiki daban, ido daban

Kyamarar masu sana'a kashi biyu ce. Akwai jiki, wato ɓangaren da ake riƙewa mai maɓallai da allo. Akwai kuma ido, wato zagayayyen gilashin nan da ake murɗawa a cire a sa wani, wanda a kasuwa za ki ji ana kiransa lens. Duk hasken da zai zama hoto ta cikin idon yake bi. Jiki yana tsufa da wuri domin kusan kullum kamfanoni na fito da sabo, amma ido mai kyau yakan yi shekara 10 ko 20 yana aiki idan an kula da shi. Saboda haka tsohon jiki mai lafiya da ido mai kyau ya fi sabon jiki mai raunin ido. Idan kuɗinki ƙidayayye ne, ki rage a jiki ki ƙara a ido.

Lambobi biyu da za su hana a ruɗe ki

A jikin kowane ido akwai rubutu. Ba sai kin iya Turanci ba, lamba biyu kawai za ki nema.

Ta farko ita ce mai mm a ƙarshe. Ita ke nuna faɗin abin da ido zai kwaso. Ƙaramar lamba, kamar 18mm ko 24mm, tana kwaso ɗaki gaba ɗaya da mutanen cikinsa. Babbar lamba, kamar 200mm, tana jawo abin da ke nesa kusa. Idan kin ga lamba biyu, misali 18-55mm, idon yana matsowa yana ja da baya. Idan ɗaya ce tak, misali 50mm, ba ya motsi, mai hoton ce za ta matsa da ƙafarta.

Ta biyu ita ce mai harafin f a gaba. Ita ke nuna girman ƙofar da haske zai shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idon 18-55mm da ake haɗawa da yawancin kyamarori idan an jawo shi ƙarshe ƙofarsa f/5.6 ce. Ido mai f/1.8 kuwa yana shigar da haske kusan ninki 10 na wannan.

Ki yi tunanin abin da hakan ke nufi a wurinmu. Ɗakin amarya mai ƙaramar taga, an sa labule mai kauri, babu wutar lantarki, sai fitilar sola ɗaya a saman ƙofa. Ko walimar da aka ce ƙarfe huɗu amma ba a taru ba sai dab da magariba. A irin wannan yanayi ido mai ƙaramar ƙofa zai ba da hoto mai duhu ko mai rawa. Mai babbar ƙofa zai fitar da fuska tas, ya kuma narkar da abin da ke baya, ta yadda bokitai da igiyar shanya ba za su ɓata hoton ba. Wannan narkewar bayan ita ce abin da amare ke gani su ce hoton ya yi irin na birni.

Waɗanda suka fi kuɗinsu amfani

Na farko da masu hoto a ko'ina suka yarda da shi shi ne 50mm f/1.8. Na kamfanin Canon mai haruffan STM ya fito a 2015 a kan kimanin dala 125, alhali ɗan uwansa 50mm f/1.2 ya haura dala 1,000. Bambancin da ke tsakaninsu ba abin da uwar amarya za ta gane ba ne a allon waya. Akwai tsohon samfurinsa mai lamba II wanda ya fito tun 1990. Yana da araha kuma hotonsa na da kyau, amma gindinsa roba ne, yana da ƙara, kuma faɗuwa ɗaya kan iya raba shi biyu. Idan bambancin kuɗin ba shi da yawa, ki ɗauki STM mai gindin ƙarfe.

Amma ga abin da mai shago ba zai faɗa miki ba. A kan ƙananan kyamarorin da aka fi samu a hannun masu farawa, irin su Canon 600D, 700D da 2000D, ko Nikon D3200 da D5300, idon 50mm yana matse hoto, ya yi aiki kamar 75mm ko 80mm. Kafin a ɗauki amarya a tsaye daga ɗankwali zuwa takalmi sai an ja baya fiye da mita huɗu. Ɗaki mai ƙafa 12 bai kai haka ba, balle an cika shi da gado, kujeru da jere. Wato 50mm na fuska ne, da lalle, da sarƙa, da hoton tsakar gida. Ba na cikin ɗaki ba ne.

Don cikin ɗaki, mai Nikon ta nemi AF-S DX 35mm f/1.8G, wanda ya fito a 2009 a kan kimanin dala 200. Idan ido ɗaya kawai za a iya saya wa ƙaramar Nikon, wannan ne. Mai Canon kuwa ta nemi EF-S 24mm f/2.8 STM na 2014, ɗan siriri kamar faifai, da ya fito a kan kimanin dala 150. Da shi taku uku ya isa a ɗauki mutum a tsaye.

Kada kuma a raina 18-55mm ɗin da ya zo da kyamara. Da rana a waje aikinsa ba laifi, kuma shi ne zai kwaso dangi 20 a hoto ɗaya. Idan sana'a ta fara kawo kuɗi ana iya maye gurbinsa da 17-50mm f/2.8 na Sigma ko Tamron. Kamfanonin Japan ne da suke ƙera ido don kyamarorin wasu a farashi mai sauƙi. Wannan yana matsowa yana ja baya, ƙofarsa kuma ba ta raguwa, shi ya sa masu aikin biki ke son sa.

Akwai kuma Yongnuo na ƙasar Sin, wanda ya fi duka araha. Yana iya fitar da mai farawa kunya, sai dai ba ya saurin kama fuska kamar na asali, kuma idan aka tashi sayarwa ba ya riƙe daraja. Idan kuɗin sabon Yongnuo ya yi kusa da na Canon ko Nikon na hannu mai lafiya, na hannun ya fi.

Sai dogon ido, wanda yara suka fi kwaɗayi domin yana sa a ga mutum kamar ɗan jarida. Ki tambayi 'yarki: me za ki ɗauka daga nesa? Idan hawan sallah ne ko taron makaranta a fili, to yana da amfani. Idan biki ne a cikin gida, zai zauna a jaka. In har za a saya wa Canon, 55-250mm mai haruffan IS ya fi 75-300mm, duk da cewa lambar na biyun ta fi girma. IS na nufin yana rage rawar hannu. A Nikon haruffan VR ne ke nuna hakan.

Tarkon da ya fi cin kuɗin mutane

Ba kowane ido ke hawa kowace kyamara ba. Bakin Canon daban, na Nikon daban, na Sony daban. Ko a cikin kamfani ɗaya akwai bambanci. Canon na da EF tun 1987, da EF-S na ƙananan kyamarori, da EF-M, da RF da ya zo a 2018. Nikon na da F tun 1959, da Z wanda shi ma ya zo a 2018. Ido na Sigma ko Tamron ma ana yin sa ne da bakin kamfani guda, sai an tambaya na wanne ne.

Ga wanda ya fi kama masu Nikon. Akwai 50mm f/1.8D, akwai 50mm f/1.8G. Mai D ya fi araha nesa, kuma zai hau kyamarar daram. Amma a kan jerin D3000 da D5000, wato su D3200, D3500, D5300 da 'yan uwansu, ba zai saita kansa ba, sai dai a riƙa murɗawa da hannu. A wurin kamu, inda kowa ke motsi, rabin hotunan za su lalace. Mai irin waɗannan kyamarori ta nemi wanda aka rubuta wa AF-S. Mai sayarwa zai rantse miki cewa yana hawa, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar da za ki yi ita ce: yana saita fuska da kansa a kan wannan kyamarar?

Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɗauki hoton gaban kyamarar inda aka rubuta suna da lamba, ki tura wa mai sayarwa, ki ce ya ɗora idon a kan irinta ya nuna miki.

Wani abin farin ciki shi ne tun da manyan kamfanoni suka koma ƙera sababbin kyamarori marasa madubi a ciki, masu hoto a Turai da Amurka suna ta sayar da tsofaffin idanunsu na EF da F. Su ne ke shigowa kasuwanninmu a matsayin na hannu. Kuma ba asara ba ne sayensu, domin akwai zoben haɗi da ke ba da damar ɗora su a kan sababbin kyamarorin idan Allah ya hore nan gaba.

Yadda ake duba na hannu

Gani ya kori ji. Ko ke ko wanda kika aika, kada a biya sai an yi waɗannan:

- A cire murfin gaba da na baya, a haska fitilar waya ta ciki a leƙa. 'Yar ƙura kaɗan ba komai ba ce. Amma idan an ga wani abu fari kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce. Tana yaɗuwa, tana cin gilashi. A ajiye shi ko nawa aka rage.
- Idan gilashin ya yi hazo kamar an huro masa numfashi kuma bai gogu ba, hazon a ciki yake. Shi ma a bar shi.
- A duba ƙarzuwa. Ta gilashin baya ta fi ta gaba illa.
- A duba bakin zoben gaba. Idan ya lotsa, idon ya taɓa faɗuwa.
- A murɗa zobban a hankali. Kada a ji ƙaras-ƙaras kamar yashi, kada kuma ya cije.
- A ɗora a kyamara, a saita abu na kusa, a saita na nesa, sau da yawa. Idan yana ta kai da kawowa bai tsaya ba a wuri mai haske, injinsa ya gaji.
- A manna takarda mai rubutu a bango a ɗauke ta daga gaba sosai, a buɗe hoton a duba kusurwoyi huɗu. Idan gefe ɗaya ya fito gefe ɗaya ya dushe, gilashin ciki ya goce.
- A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin idon, da sunan shago, da yarjejeniyar kwanakin da za a iya mayarwa. Kayan da aka karyar da farashinsa ƙwarai kuma babu rasit, ki ji tsoron kada na sata ne.

Saye daga nesa

Yawancin waɗannan kaya daga Kano, Abuja ko Legas ake samo su, musamman kasuwannin Computer Village da Alaba. Ba za mu ce ki sa yarinya a mota ta bi hanyar Daki Takwas zuwa Anka zuwa Mayanchi saboda gilashi ba. Ki nemi ɗan uwa amintacce da ke zaune a can, ko ɗan kasuwar garinku da ya saba zuwa sari, ki tura masa jerin da ke sama. In zai yiwu ya tafi da mai hoton da ya sani.

Idan a Jiji, Facebook ko Instagram aka ga tallan, kada ki tura ko sisi saboda hoto. Hoton kaya kowa na iya ɗaukowa daga intanet. Ki ce a kira ki ta bidiyo a WhatsApp, a nuna miki lambar jikin idon, a haska shi kina kallo. Duk wanda ya ce wani na jiran kayan, ki yi sauri ki tura rabi, ki bar wa wanin. Kuɗi su fita ne bayan naki ya riƙe kaya a hannunsa.

Game da farashi, ba mu kawo shi da naira ba da gangan. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024, kuma kayan kyamara da dala ake shigo da su. Ki tambayi wuri uku a rana ɗaya. Ki riƙe farashin dalar da muka ambata a matsayin ma'auni: na hannu bai kamata ya kai kuɗin sabo ba.

Kafin ki biya kuma ki yi lissafin 'yan kasuwa. Nawa ake biyan mai hoto a biki ɗaya a garinku? Biki nawa za a yi kafin idon ya mayar da kuɗinsa? Ki tuna aure ya fi yawa bayan kaka da gabanin azumi, da damina kuma kasuwa kan ja baya. Ki bar wani abu don batir na biyu da katin ajiya na asali, domin ido mai tsada ba ya aiki da mataccen batir.

Ƙura, danshi da turaren wuta

Abin da aka saya da wahala sai a riƙe shi da kyau. Da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba. Kada a canza ido a tsakar gida iska na kaɗawa. A shiga ɗaki, a kifa bakin kyamara ƙasa, a yi da sauri. Kada a goge gilashi da bakin mayafi ko hijabi, domin ƙurar da ke jikin yadin kamar yashi take. A fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan a goge da ƙyallen goge tabarau mai tsafta.

Da damina kuwa danshi ne, musamman a garuruwan da ke kusa da gulbi da fadama irin su Gummi. Danshi da duhu su ke haifar da fumfuna. Ki samo robar abinci mai murfi mai kamawa, ki zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, a riƙa ajiye idon a ciki. Ki sa robar inda ƙananan yara ba za su kai ba, saboda kada su kai ƙullin baki.

Sai abin da littafin kamfani bai sani ba: turaren wuta. Hayaƙinsa na da maiƙo, yana kwanciya a kan gilashi a hankali. Idan an shiga ɗakin amarya kasko na ci, a rufe ido har hayaƙin ya lafa, kuma kada a ajiye jakar kyamara a ɗakin da ake turara kaya. Haka nan kada a bar ta a cikin mota a rana, ko a ɗaure ta a bayan babur ba tare da an naɗe ta da abu mai laushi ba.

Idan waya ce kawai a hannunki

Wataƙila ke ba sana'ar hoto kike nufi ba. Atamfa kike sayarwa, ko humra, ko cincin da dubulan, kina son hoton da za ki sa a WhatsApp ya ja mai saye. To ba ki buƙatar duk abin da ke sama. Kada yawan idanun da ke bayan waya ya ruɗe ki. A wayoyi masu sauƙin kuɗi ido ɗaya ne ke yin ainihin aikin, sauran ba su cika ƙara komai ba. Yawan megafiksel ma ba shi ne kyan hoto ba. Kamfanin Transsion mai Tecno, Infinix da itel ya samu karɓuwa a Afirka ne har da dalilin gyara kyamarorinsa su dace da baƙar fata, don haka idan za ki gwada waya, fuskar mutum za ki ɗauka a cikin shago inda haske bai da yawa, ba titi ba.

'Yan gilasan da ake maƙala wa waya da ɗan maƙali kuwa, yawancin masu arahar suna dusar da gefen hoto. Kuɗinsu ya fi amfani a farin yadi da za ki shimfiɗa a bakin ƙofa da safe. Ki goge idon wayar kafin kowane hoto, domin maiƙon hannu ne ke sa hoto hazo. Kada ki ja hoto da yatsa don ya matso, ki matsa da kanki.

Amana ta fi gilashi tsada

Abu na ƙarshe da za ki dasa wa 'yarki ba a sayar da shi a shago. An bar ta ta shiga ɗakin da ba a bar namiji ba saboda an yarda da ita. Hoton matar aure babu mayafi ba abin talla ba ne, ko da ya fi kowane hoto kyau. Kada ta sa hoton kowa a intanet sai da izinin mai shi, kada katin ajiya ya yi yawo a hannun samari, kada a kai kyamara ko waya gyara da hotunan mutane a ciki. A halin da yankinmu ke ciki kuma, kada ta ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro, kada ta wallafa abin da zai nuna dukiyar gida ko inda gidan yake. A ƙaramin gari hoto ɗaya da ya fita ba bisa ƙa'ida ba ya isa ya rufe sana'a, ya kuma ɓata zumunci.

Ki fara da jiki mai lafiya, da 18-55mm ɗin da ya zo da shi, da ido ɗaya mai babbar ƙofa wanda ya dace da ɗakunanmu. Sauran su biyo baya daga ribar aikin, ba daga wani adashen ba. Idan akwai mai hoto a gidanki, ki faɗa wa 'yan uwa a ƙasa wane ido take amfani da shi da yadda kuka same shi, wata za ta ƙaru. Allah ya sa wa 'ya'yanmu albarka a abin da suka sa gaba, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.